Yadda Ake Ɗaura Sari

Vepery, Madras
9 ga Fabrairu, 1884

Zuwa ga ƙanena Edmund Carrow,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka idan kana da su, don shekara goma sha ɗaya rabona da ganin rubutun hannunka. In ka manta, ni ce Philomena, 'yar yayar mahaifiyarka, wadda ka yi wa fitsari a rigar zuwa coci ranar Ista. Mu nan lafiya gwargwado. Kakarmu Ponnu tana nan da ranta. Idanun sun tafi, amma bakin yana nan daram, har yau tana taunar ganyenta tana tofa mini jan yawu a tukunyar furanni. Maigidana Lazarus Pinder ya rasu a watan Nuwamba, zazzaɓin kwana shida. Shekara ashirin yana buga wayar tangarahu a tashar jirgin ƙasa, yaran Turawan da ya koya wa aikin da hannunsa suna ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ɗinki ne ke riƙe da mu.

Ɗinkin ne ma ya nuna mini inda kake. Matar likita ta aiko mini da yadi a naɗe cikin tsohuwar mujallar Landan, ina warwarewa sai ga sunanka a saman wani labari. Ashe ɗan nan mai majina ya zama marubuci. Na gaya wa Kaka, ta ce tun kana shekara huɗu ta san za ka ci abinci da ƙarya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, roƙo ne ya kawo ni. Ina da 'ya guda, Cecily, shekararta goma sha bakwai. Sau uku a jere tana zuwa ta ɗaya a makarantar Sistoci, Turancinta ya fi na limamin cocinmu. Ta nemi aikin koyarwa a wata makarantar 'ya'yan Turawa da ke kan tsauni. Shugabar ta ga sunan, ta ga rubutun, ta aiko da amsa mai daɗi cewa ta zo. Da ta isa, matar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta cire safar hannu. Ta kama yatsunta ta leƙa gindin farcen kamar mai zaɓen kifi, sannan ta ce ai an riga an cike gurbin. Ka san yadda Allah ya raba mana launi. Kai madara ce aka ɗiga wa shayi, ita kuwa shayi ne aka ɗiga wa madara.

A nan ba ta da gaba. Turawa na ce mana ruwa biyu, 'yan ƙasa na ce mana 'ya'yan bariki. An ce a Gida akwai makarantun horar da malamai mata, kuma wanda ya dawo da takardar can ba a leƙa masa farce. Ina cewa Gida kamar yadda kowa ke faɗa a layinmu, alhali ba wanda ya taɓa ganin Ingila sai a jikin gwangwanin biskit. Ka karɓe ta shekara biyu a matsayin 'yarka, ta yi karatu. Iyakar roƙona ke nan.

Yayarka,
Philomena Pinder

Landan
2 ga Afrilu, 1884

Yaya Mina,

Na amsa gaisuwarki, ina kuma yi miki ta'aziyyar Lazarus. Allah ya ba shi hutawa. Ni lafiya, sai tarin da ke zuwa mini duk lokacin sanyi. Na yi aure shekara uku da suka wuce. Sunanta Augusta, mahaifinta limamin coci ne a ƙauye, kuma muna sa ran haihuwar fari a watan Satumba. Don Allah ki ci gaba da aiko wasiƙa ta ofishin mujalla, kada ki nemi adireshin gida. Augusta ba ta da ƙarfin jiki yanzu, ƙaramin abu na tayar mata da hankali.

Ina da tambaya, kada ki yi mini dariya. Na tuna tsofaffin layinmu suna duba kunnen jariri su faɗi launin da zai yi. Gaskiya ne? Kwana nawa ake yi kafin ya nuna? Kuma mahaifiyata, da wa ta fi kama a cikinku? Ina shekara uku ta rasu, ba na iya tuna fuskarta.

Ina rubuta dogon labari da zai riƙa fitowa wata-wata, a Madras aka kafa shi. Shekarata bakwai mahaifina ya sa ni a jirgi, abubuwa da yawa sun zube mini. Ki tambayi Kaka waƙar da take yi mini in na ƙi barci, da yadda ta haɗu da kakanmu soja, ki rubuto mini duka.

Maganar Cecily kuma, na kwana biyu ina juya ta. Akwai wuri a gidan. Iyalin wani Manjo Tilney za su taso daga Madras a watan Yuli, na rubuta musu su taho da ita, ta taimaka da yaransu a hanya. In ta zo, za ta zama wa ɗana abin da Kaka ta zama a gare ni a gidan mahaifina. Batun makaranta sai mu gani in ƙura ta lafa. Ki karanta wannan da kyau kafin ki amsa.

Naki,
Edmund

Vepery
20 ga Yuni, 1884

Edmund ɗan albarka,

Muna lafiya, sai zafi da ya hana kowa sakat. Allah ya sauki Augusta lafiya. Ka ce in karanta da kyau, to na karanta har takardar ta yage a ninki. Abin da Kaka ta zama a gare ka! Ita ta tauna ta ba ka, ita ta kwana a zaune da kai lokacin ƙyanda. Ban taɓa zaton za ka ɗaga 'yata har can ba. Na fassara wa Kaka layin da Tamilanci, ta ce, "Ashe yaron bai manta ba." Ni kuwa kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Kunne gaskiya ne. Ka duba saman kunnen da gindin farce a kwana na uku. Amma me ya dame ka? Ɗa ɗa ne ko da launin tukunya ya zo. Mahaifiyarka Rosa ta fi uwata haske, ta kuma fi ta tsiwa.

Na ɗinka wa Cecily riguna uku, ɗaya shuɗiya mai dogon hannu ta zuwa coci, da hula mai ribin. Ba zan bari a ce 'yar'uwar Carrow ta sauka a Gida kamar wadda aka koro ba. Za ta taho maka da kwalbar mangwaro mai yaji da Kaka ta haɗa da lalube. Waƙar da labarin soja suna cikin takardu takwas da na haɗo. Za ka ga kakanmu bai aure ta a coci ba sai da aka haifi ta biyu. Wannan tsakaninmu ne, ban da mujalla.

Yarinyar tana da kunya amma ba ta da tsoro. In ta gyara maka Turanci a teburin cin abinci, ka yi haƙuri, haka take yi wa kowa.

Yayarka mai godiya,
Philomena

Vepery
11 ga Disamba, 1884

Edmund,

Ina gaishe ka. Ni ba ni da lafiya, kuma kai ne ciwon. Wata biyar ke nan. Layi uku kawai na samu daga hannunka: ta sauka, an haifi namiji, kunnensa fari tas. Daga Cecily ko ɗigon tawada babu. Yarinyar da ke rubuta mini takarda in ta je kwana biyu gidan ƙawarta?

Matar likita ta ara mini mujallun, na karanta kashi huɗu na labarinka. Waƙar Kaka tana ciki, kalma da kalma. Amma a bakin wa ka sa ta? A bakin wata aya, baƙar mai reno da ke kwana a tabarma a ƙofar ɗakin ɗan Bature, tana kiransa ƙaramin ubangida. Ka ba ta tabon goshin Kaka, ka ba ta har ɗan yatsanta da ya karye. Ita kuma yarinyar ruwa biyu da ke cikin labarin, ka sa ta maƙaryaciya mai shafa hoda har wuya don ta yaudari wani hafsan soja. Na ce wa kaina labari ne, marubuta haka suke. Kaka ta matsa in fassara mata, na ce ka rubuta cewa ita sarauniya ce.

Ka sa 'yata ta rubuto mini da hannunta. Wace makaranta ta shiga?

Philomena

Landan
18 ga Janairu, 1885

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Kaka. Lafiyata ƙalau, sai kaushi da sanyi ya fasa mini a hannu. Ki yafe shirun. A gidan nan an ɗauka ban iya rubutu ba, don haka sai da na sami mai wanki da ta yarda ta kai mini wannan gidan waya.

Zan faɗa miki yadda abin yake, kada ki karanta a tsaye. Kawu Edmund ya tare ni a tashar jirgin ruwa shi kaɗai. A cikin keken doki ya ce, "Cecily, mahaifiyarki ta yi miki bayani ko?" Na ce e, ta ce zan zama kamar Kaka. Ya ce, "Madalla, kin sauƙaƙa mini." Ashe akwai hoto a falonsu, Kaka tana riƙe da Kawu yana jariri. Tun kafin aurensu ya gaya wa matarsa cewa ayarsa ce. Mahaifiyarsa kuma wai 'yar Fotugal ce. Ni kuma wai jikar tsohuwar ayarsa ce da aka aiko in yi renon ɗansa, don amana ta bi jini.

Ba na ce masa Kawu, Sahib nake cewa, wato ubangida. Ya roƙe ni in riƙa karya Turancina a gaban Madam. Ranar farko na manta na ce mata ina fata ta tashi lafiya, da cikakkiyar jimla, sai ta ce, "Edmund, ji yadda suke kwaikwayo, kamar aku." Yanzu na ƙware. In na kwana biyu ban yi kuskure ba sai in ƙirƙiro ɗaya.

Madam ba muguwa ba ce, Mama, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ba ni bargo biyu. Amma da ta ga rigunana sai ta yi dariya ta ce aya a cikin riga da hula abin tausayi ne, ita aya ta gaskiya take so irin ta littafin mijinta. Ta kulle su a akwati, ta sayo mini farin sari mai jan baki guda biyu, zanen nan na 'yan ƙasa irin na Kaka. Ni da ban taɓa sa sari ba tun da aka haife ni! Na naɗa shi yadda na ga dama, na kama da allurai goma sha biyu. A cikin gida ba mai ganewa. Amma ran Lahadi a lambun shaƙatawa wata tsohuwar aya 'yar wajenmu ta tare ni ta yi mini Tamilanci, na amsa da ɗan abin da na iya. Ta ja gefen zanen, allura ta soke ta. Ta ce, "Ke 'yar wace ce? Uwar da ta haife ki ba ta ɗaura wannan ba." Uwargijiyarta ƙawar Madam ce, kuma za su zo shan shayi bayan Ista.

Jaririn sunansa Hugh. Yana da haɓar Kaka. In ba kowa ina ce masa ƙanena.

Ba maganar makaranta. Na tambaya sau ɗaya, ya ce aya ba ta zuwa makaranta, me zai ce wa mutane? Mama, ki tambayi Kaka yadda ake ɗaura sari, ki rubuto mini dalla-dalla ta hannun mai wanki, Misis Gudge. In asiri ya tonu, ni za a fara fitarwa.

'Yarki,
Cecily

Vepery
14 ga Fabrairu, 1885

Edmund,

Ba gaisuwa. Kaka lafiya, tunda ayarka ce ƙila kana son sani.

Na ba ka 'ya, ka mai da ita baiwa. Na ba ka kaka, ka sayar da ita wata-wata a mujalla. Ka rubuta mini layi mai fuska biyu, ka ce in karanta da kyau, don gobe ka ce ai ka faɗa. Tir da wannan wayo.

Ga sharaɗina. Ka zaunar da matarka ka ce mata Cecily jininka ce, ka buɗe akwatin nan, ka kai ta makaranta. In ba haka ba, ni zan rubuta wa Augusta, in haɗa mata da takardar baftismar mahaifiyarka, inda sunan Ponnu yake ɓaro-ɓaro a gurbin uwa. Na san sunan ƙauyen surukinka, yana bayan mujallarka inda ka yi masa godiya.

Philomena Pinder

Landan
12 ga Maris, 1885

Yaya Mina,

Ina gaishe ki ko ba ki amsa ba. Cecily lafiya, Hugh ya fara haƙori. Ni ba na barci.

Ban yi miki wayo ba. Na ɗauka kin gane, don a gidan mahaifina Kaka ba ta taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. A tabarma take kwana a ƙofar ɗakina, kuma shi ya fara ce wa baƙi ayata ce. Na ɗauka duk dangi sun sani. Ko kuwa na so in ɗauka haka, ban sani ba.

Ki rubuta wa Augusta in kin ga dama, ga abin da zai biyo baya. Mahaifinta zai zo ya tafi da ita. Hugh zai tashi ana leƙa masa farce. Mai mujalla zai sallame ni, don masu karatu suna son labarin ruwa biyu daga bakin Bature, ba daga bakin ruwa biyu ba. Na so yarinyar labarin ta auri hafsan, mai mujallar ya ce in kashe ta kafin kashi na goma, na kashe ta da kwalara. Cecily kuwa ranar da asiri ya tonu za ta bar gidan. Akwai ayoyi a garin nan da iyayen gidansu suka sallama a bakin tasha, suna bara cikin dusar ƙanƙara da zane ɗaya. Ba ni da halin mai da ta Madras, ke ma ba ki da shi. In ta dawo ma, wace makaranta ce ke jiranta?

Abu ɗaya kuma, tunda yau ranar gaskiya ce. Laifi tudu ne. Cecily ta gaya mini in matar likita ta zo gwajin riga, a kicin kike zaunar da Kaka ki ja labule. Ta ce tana ƙarama ta yafa gefen sarin Kaka tana wasa, kika mare ta kika ce mu ba 'yan ƙasa ba ne. Abin da kike yi na awa ɗaya shi nake yi na tsawon rai. Tsoron dai ɗaya ne, nawa ne ya fi naki samun wuri.

Ba zan iya ba, Yaya. Ina ba ta littattafaina tana karantawa a ɓoye. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.

Edmund

Vepery
8 ga Afrilu, 1885

Cecily 'yata,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Ina lafiya, Kaka ma haka. Ki riƙa shafa man kwakwa a hannun in ana samu a can, in babu ko kitse ne.

Na rubuta wa matar kawunki wasiƙar tonon asiri har sau uku, na kai ɗaya bakin akwatin gidan waya, na dawo da ita. Ba zan aika ba. Na auna ta kowace fuska, duk inda dutsen ya faɗo a kanki zai sauka. Makarantar da na yi miki alkawari babu ita, kuma ni na sa ki a jirgin da hannuna ina murna. Ki yafe mini in kin iya. Marin nan ma ki yafe mini.

Ni ma ban iya ɗaura sari ba. Shekarata arba'in a duniya, ina ɗinka wa matan Turawa riguna, zanen uwar uwata ban san ta inda ake kama shi ba. Jiya na rufe ƙofa na tsaya a gaban Kaka, ta ɗaura mini nata da lalube har sau huɗu, ina rubutawa.

Ki cire alluran duka, su ne suka tona ki. Ki kama gefen da ba ado, ki zagaya da shi ƙugunki daga dama, ki ƙulla shi da kansa a kan ƙashin ƙugu, ƙulli biyu, ya kama sosai har ki ji numfashi ya ɗan tsaya. Sai ki yi ninki bakwai, kowane faɗin yatsu huɗu, ki daidaita bakinsu, ki soke su ta baya kamar yadda matan wajen su Kaka ke yi, don tsohuwar ayar nan ta lambu ta san daga inda kika fito. Ragowar ki zagayo da shi ta gaba, ki haye ƙirji, ki jefa a kafaɗar hagu, ki jawo bakin ki soke a ƙugu. Kada ya rufe idon sawu, mai aiki ba ta jan zane a ƙasa. Yaro a kwankwason hagu ake ɗaukarsa, don kada ya kwance ƙullin. In za ki zauna, ki tattara ninkin da hannu ɗaya tukuna. Ki yi ta gwadawa har hannunki ya daina tunani. In tsohuwar ta sake tambaya, ki ce a gidan marayu na Sistoci kika tashi, shi ya sa harshenki ya karye.

Kaka ta tambaye ni wa ke son koyo. Na ce ke ce, kin aiko tun daga Landan. Cecily, ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarta ba. Ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce ta haifi biyu, ta ga jikoki tara da tattaɓa-kunne, shekara sittin ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta sa na buɗe akwatinta na ciro koren sarin da ta sa ranar da kakanmu ya kai ta coci, ta ce a aika miki, wai ki sa shi ran Lahadi Turawa su ga 'yar gidan Ponnu. Yana cikin ƙunshin nan.

Ban gaya mata dalili ba. In kin rubuto, ki sa layi ɗaya da zan karanta mata, ki ce ya yi miki kyau.

Mahaifiyarki,
Philomena